Sanƙarau a Jega da Aliero: Baƙon da Aka San Lokacin Zuwansa

A watan Maris na 2025 kwamishinan lafiya na Jihar Kebbi ya shaida wa manema labarai cewa mutum 26 sun rasu a wata annoba da ake zaton sanƙarau ce: 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, ɗaya a Argungu. Waɗanda ake zaton sun kamu a lokacin sun kai 248. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero ta sallami ɗalibanta bayan rasuwar wasu daga cikinsu. Gwamnatin jiha ta fitar da naira miliyan 30 don sayen magunguna, aka ware wuraren kwantar da marasa lafiya a Gwandu da Jega da Aliero, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta kawo ɗauki.

Duk wannan aiki ne na yabo. Sai dai wanda ya kai shekara ashirin a ƙasar Aliero ya san ba yau aka fara ba. A 2015 an yi irin wannan, dubban mutane suka kwanta a Kebbi da Sakkwato, kuma Aliero da Jega na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Shekara goma tsakani, garuruwan dai su ne, watannin ma su ne. Cutar da ke zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba ta cancanci a kira ta ba-zata ba.

Mutanenmu kan ce zafi ne ke kawo sanƙarau. Ba su yi ƙarya a kan lokacin ba, amma zafi ba shi ne mai laifin ba. Ƙwayar cuta ce da ke zama a bayan hanci da maƙogwaro, kuma abin mamakin shi ne mutane da yawa na yawo da ita lafiya lau, ba ciwon kai ba zazzaɓi. A kowane mutum goma ana iya samun ɗaya da ke ɗauke da ita bai sani ba. Tana bin tari da atishawa da numfashin kusa da kusa. Idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, ƙura ta turnuƙe, sai fatar cikin hanci da maƙogwaro ta tsage, ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini, daga nan ta haye zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa annobar ke fara motsi a Disamba, ta yi ƙamari a tsakiyar bazara, sannan ta lafa da zarar ruwan sama ya sauka. Tun 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da wannan ke faruwa, daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26 ne a lissafin yau, kuma Kebbi na tsakiyarsa.

Ka leƙa ɗakin kwanan samari a daren sanyi. Tabarma uku, mutum takwas ko goma, an toshe ƴar tagar da kwali da tsumma, an ja ƙyaure, wani lokaci har da kaskon wuta a tsakiya. Babu wanda ya yi laifi, sanyi ake gudu. Amma numfashin da ɗaya ya fitar shi na kusa da shi zai shaƙa har asuba. Haka ɗakin almajirai yake, haka ɗakin ɗalibai a makarantar kwana, haka rumfar da ƴan ci-rani ke kwana lokacin cirar albasa. Jega kuwa tun fil azal mahaɗa ce: hanyar Sakkwato, ta Birnin Kebbi da ta Yawuri duk a nan suke gamuwa, kasuwarta na tara mutane daga nesa. Abin da ke kawo wa yankin arziki shi ne kuma ke sauƙaƙa wa cuta tafiya.

Idan ta kama mutum ba ta jira. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai kamar zai tsage, amai, wuya ya sanƙare, ido ba ya son haske. Jariri ba zai ce kansa na ciwo ba. Sai dai uwa ta ga ya ƙi nono, yana kuka mai tsini, maɗigarsa ta kumbura. Cikin kwana ɗaya ana iya rasa rai. A nan ne ake yawan yin asara, domin da farko sai a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a aika kemis a sayo magani. In yaro ya fara fizge-fizge wasu su ce iska ce, a nemi mai ruƙiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malaman kirki da kansu suke cewa a ɗauki yaro a tafi. Maganin yana nan, allurar ceftriaxone, tana kuma aiki idan an fara da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da irin wannan sanƙarau ya kama, kusan ɗaya kan rasu.

To, wannan aikin asibiti ne, kuma asibiti mutum ɗaya-ɗaya yake ceta. Kiwon lafiyar al'umma wani aiki ne daban, wanda ba a cika ganin masu yin sa ba. Farkonsa ƙidaya ce. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a ƙauye ta ga yaro da sanƙararren wuya, ta rubuta sunansa da shekarunsa da unguwarsu da ranar da ciwon ya fara, ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi kuma ya tura jiha, jiha ta tura wa hukumar NCDC a Abuja. Akwai ma'auni da aka amince da shi: idan a mako guda aka samu mutum uku cikin kowane dubu ɗari, a tashi tsaye, idan suka kai goma, annoba ta tabbata. Wannan ɗan littafin rajista da ke kan teburin katako ya fi kowace na'ura muhimmanci, domin idan ba a cike shi ba, Abuja ba za ta san ana mutuwa ba sai an ji a rediyo.

Bayan ƙidaya sai gano irin ƙwayar. Ana ɗibar ruwa daga gadon bayan mara lafiya a kai ɗakin gwaji. Iyaye da yawa na tsoron wannan allura, wasu na cewa tana gurgunta yaro. Ba ta yi; cutar ce ke gurguntawa. Kuma ba don mara lafiyar kaɗai ake ɗibar ruwan ba, don duk garin ne, saboda ƙwayar iri-iri ce, ana kiran su da haruffa A, C, W, X, Y, kuma rigakafin wani ba lalle ya tare wani ba.

Tarihin waɗannan haruffa shi ne tarihin nasara da sakacinmu. Nau'in A ne ya yi ɓarnar 1996, shekarar da mutum fiye da dubu ɗari suka kamu a Nijeriya, fiye da dubu goma sha ɗaya suka rasu. A 2010 aka fito da allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum na Indiya ya haɗa don Afirka a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Aka fara a Burkina Faso, Nijeriya ta bi a 2011, kuma cikin ƴan shekaru nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin baki ɗaya. Babu wani asibiti, komai girmansa, da zai iya yin abin da wannan allura ta yi. Amma kafin a gama murna, a 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a nan ƙasar Sakkwato da Kebbi. Shi ne ya yi aikin 2015 a Aliero, ya haura Nijar, shi ne kuma ya tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016 ya kashe fiye da mutum dubu kafin damina.

Yanzu akwai allurar da ta haɗa nau'o'in biyar a tsira ɗaya, Men5CV, kuma Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, a Maris na 2024. Ga inda gizo ke saƙa: a annobar 2025, allura fiye da miliyan ɗaya da aka nemo daga rumbun ajiya na duniya ta iso ƙasar ne a watan Afrilu. An yi jana'iza a Fabrairu da Maris. Bayan an yi wa mutum allura ma sai jiki ya ɗauki kwana goma zuwa mako biyu kafin kariya ta kankama. Ba laifin wanda ya ɗauko akwatin sanyi a bayan babur ba ne. Tsarin ne aka gina a kan jira: sai an kamu, a ƙirga, a gwada, a rubuta takardar buƙata, sannan jirgi ya taso. Manomin albasa a Aliero ba ya jiran ganin ƴan kasuwa sun iso da motoci kafin ya zuba iri. A ganina, ƙananan hukumomin da annoba ta maimaita kanta a cikinsu sun cancanci a yi wa yara da matasansu, daga shekara ɗaya zuwa 29, allurar tun a Nuwamba, kuma kada ɗalibi ya karɓi makullin ɗakin kwana a jami'a sai ya nuna katinsa.

Akwai kuma maganar yarda, wadda ba a saye da kuɗi. A waccan annoba ta 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka juya wa allurar shan inna baya a 2003. Abin da ya dawo da mutane ba barazana ba ce, shigowar sarakuna da malamai ce, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar a 2020. Dagaci da ya miƙa hannun ɗansa a gaban jama'a ya fi sanarwa ɗari. Magidanci da ya tambayi abin da ke cikin kwalba ba jahili ba ne, haƙƙinsa ne a ba shi amsa da harshen da yake ji.

Ƙaramar hukumar Maiyama ba ta fito a jerin mamatan da aka karanta ba a wancan Maris, amma tana da nata labarin. A can ne MSF ke da cibiyar kwantar da yara masu tamowa, kuma gadajenta kan cika a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Yaron da yunwa ta cinye ba shi da ƙarfin tare ƙyanda ko gudawa ko sanƙarau. Rijiyar da aka rufe bakinta, masai, kunun da aka ƙara wa gyaɗa da waken suya, duk reshe ɗaya ne da allura. Kuma masu wannan aiki ba daga nesa za a ɗauko su ba: a Jega kanta akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha, mai yaye ma'aikatan lafiyar al'umma da duba-gari. Dattawa na tuna lokacin da jin duba-gari zai zo ya isa a share gida a wanke randa. Yau ƙaramar hukuma kan samu kuɗin sayen motar shugaba kafin ta samu na man babur ɗin jami'in da zai zaga ƙauyuka ya duba rajista.

Akwai wasu da ba sa shiga kowane lissafi. Cikin biyar da suka tashi daga sanƙarau, kusan ɗaya kan fita da tabo na dindindin: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa, ko nauyin fahimta. A takarda an rubuta sun warke. A gida kuwa sai a ga yarinyar da ke amsa kira da ta daina juyowa, a ce taurin kai ne, malamin aji ya mayar da ita layin baya. Ƙa'idar likitoci ita ce a gwada jin duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo kafin a sallame shi ko cikin makonni kaɗan bayan sallama. Waɗanda suka kwanta a Jega da Aliero a 2015 yanzu samari ne da ƴanmata, wasu da iyali. Waɗanda suka kwanta a 2025 kuwa har yanzu sunayensu da unguwanninsu na cikin rajistar asibitocin, ana iya bin su gida-gida a duba kunnuwansu.