Fitar Nijar Daga ECOWAS: Ina Riba, Ina Faɗuwa?

 Yau za mu ɗan ajiye lissafin farashi, mu yi bayani a kan wata magana da ta daɗe tana jawo gardama a rumfunan hatsi, tun daga Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaki har Tudun Wada da Doguwa. Maganar kuwa ita ce fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira Sedeyawo.

Wani ya ce sun huta. Wani ya ce sun toshe wa kansu hanya. Wani kuma ya ce ina ruwanmu, mu da ke kudancin Kano, iyaka tana can nesa? To, da ruwanmu. Masarar da aka loda a Doguwa, in ta sauka Dawanau, ba duka take kwana a Kano ba, wata sai Maraɗi, wata sai Damagaram. Ragon da mai kiwo ya turke a Bebeji yana jiran Sallah, sau da yawa ta Maigatari ya biyo, Maigatari kuwa dabbobin Nijar ne ke cika ta. Saboda haka ya kamata mu san yadda abin yake.

Me ƙungiyar ta ba ɗan kasuwa?

An kafa ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975, da ƙasashe 15. Janar Yakubu Gowon da Eyadema na Togo su ne suka yi ta yawon jawo hankalin sauran shugabanni. Abin da ya shafi ɗan kasuwa a cikinta abu uku ne.

Na farko, zirga-zirga. Tun 1979 aka yarda ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Na biyu, kayan gona da dabbobi da aikin hannu na cikin yankin su wuce iyaka ba kuɗin fito. Daga 1990 aka sa kayan masana'antu waɗanda aka yi wa rajista. Na uku, daga 2015 aka daidaita kuɗin fiton kayan da suka zo daga ƙetare, aka yi shi hawa biyar: kyauta, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Bayan wannan kuma akwai wani ɗan haraji da kowace ƙasa ke karɓa a kan kayan ƙetare ta miƙa wa ƙungiya, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato naira 5 a kowace naira 1,000.

Yadda aka rabu

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Yamai, Janar Tiani ya hau. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta sa takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan take zuwa. Har aka yi maganar kai yaƙi. Duk wanda ke da kaya a hanya lokacin ya san abin da ya gani. Motoci suka yi layi a Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe, bashi ya maƙale a tsallake.

Ran 28 ga Janairu 2024 ƙasashen uku suka ce sun fita. A Fabrairu aka ɗage takunkumin, a Maris aka buɗe iyakarmu da Nijar, amma ba su dawo ba. A Yuli 2024 suka ƙulla tasu tarayya ta Sahel, mai suna AES. Dokar ƙungiya ta ce mai fita sai ya jira shekara guda, don haka fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025.

Hujjar masu cewa riba ce

Masu wannan ra'ayi suna cewa, ƙungiyar da ka shiga domin ciniki, in ta juya ta hana ka magani da abinci da wuta, ina amfanin zama cikinta? Wannan magana tana da nauyi, domin talaka ne ya sha wuyar takunkumin, ba mai mulki ba.

Sa'an nan akwai maganar kuɗi. A Maris 2025 ƙasashen uku suka sa nasu harajin na rabin kashi ɗaya a kan kayan da ke shigo musu, a madadin wanda suke tara wa ECOWAS da. Ke nan abin da yake fita da, yanzu yana zama a gida.

Na uku, sun ce yanzu hannunsu a sake yake. A Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. A Mayu 2025, gab da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Nufinta shi ne abinci da ragon layya su yi sauƙi a gida, ba tare da ta nemi yardar kowa ba.

Kuma sukan kawo misalin Muritaniya. Ta fita a 2000, ba ta rushe ba. Gaskiya ne. Amma a tuna, a 2017 ita da kanta ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki da ƙungiyar.

Hujjar masu cewa faɗuwa ce

Waɗannan kuma suna cewa a dubi taswira. Nijar da Mali da Burkina Faso, babu mai bakin teku ko ɗaya. Galibin kayansu na ƙetare sai sun sauka a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasar ECOWAS, Kwatano ko Lome ko Tema ko Abijan ko Dakar. Bayan an ɗage takunkumi Nijar ta bar gadar Gaya a rufe tsakaninta da Binin, sai manyan motoci suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya hau, kuma mai saye a Yamai da Maraɗi shi ke biya.

Na biyu, fita ba ta hana maƙwabci rufe ƙofarsa. In gobe aka sake ɓatawa, Najeriya ko Binin na iya rufe iyaka, ko kana cikin ƙungiya ko ba ka ciki. Bambancin kawai, da kana da kujera a wurin taro, yanzu babu.

Na uku, hana fitar da kaya wuƙa ce mai kaifi biyu. Mai saye a birni ya ji daɗi, amma makiyayi da manomin wake na Nijar babbar kasuwarsu Najeriya ce. In aka hana su kawowa, ko su karyar a gida, ko su bi ta daji su biya 'yan fito. Iyakar nan kusan kilomita 1,500 ce, ba mai iya tsare ta duka. Kaya ba sa daina wucewa, tsada kawai suke ƙarawa.

Na huɗu, mutane. 'Yan Nijar da ke neman abinci a Kano da Legas da Kumasi da Abijan ba su ƙirguwa. Zamansu da sana'arsu a kan dokar ƙungiya suka dogara.

Abin da muka gani

Mu dai ga yadda muka auna. Kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da gardamar ke tsallakewa. Zama cikin ECOWAS bai taɓa hana rufe iyaka ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, har da 'yan Nijar. A Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, ga kuma fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A Agusta 2019 aka sake rufewa har Disamba 2020, ta Jibiya ma sai 2022. Duk wannan muna cikin ƙungiya ɗaya. A rufewar 2019 manoman shinkafa na Tudun Wada da masu noman rani a ruwan Tiga sun ga kuɗi, domin shanshera ta yi daraja, amma fataken hatsi da na dabbobi sun ji jiki. Ita masara ma, tana cikin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana fitarwa, alhali kowa ya san tana fita.

Haka kuma fitar ba ta rufe hanya ba. A Disamba 2024 ƙasashen uku suka ce ɗan ECOWAS ya shigo musu ba biza. Ran 29 ga Janairu 2025 ita ma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, kayansu kuma su ci gaba da wucewa kamar da, har sai an ba da wata sanarwa.

A lura da wannan kalma, har sai an ba da wata sanarwa. Nan ne abin ya canja. Da, wucewar kaya da mutane hakki ne a rubuce, in an taka shi akwai wurin kai kuka, har da kotun ƙungiya a Abuja. Yanzu kuwa alfarma ce, mai bayarwa na iya janyewa ran da ya ga dama. Kamar mutum ne ya fita daga ƙungiyar 'yan kasuwa amma aka bar masa rumfarsa. Ciniki yana yi, sai dai ran da rigima ta tashi ba shi da mai tsaya masa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da fitar ba ta taɓa ba, wato kuɗi. Ƙasashen uku sun fita daga ECOWAS amma suka riƙe sefa, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Da aka saki naira a Yuni 2023 ta faɗi, mai sefa ya ga hatsinmu ya yi masa araha, 'yan sari suka yi ta kwasa, farashi ya hau har cikin ƙauyukan Kiru da Doguwa. A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar yafe kuɗin fiton masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 hatsi ya karye, waɗanda suka cika sito da tsada suka tafka asara. Duk wannan ba fitar Nijar ce ta jawo ba. Canji ne da dokar gida.

Shawararmu

Na ɗaya, in za ka saye ka ajiye da kaka, kada ka gina lissafinka a kan cewa 'yan arewa za su zo da bazara. Su zo riba ce, amma ka sayi abin da kasuwar gida za ta iya ɗauka in ba su zo ba.

Na biyu, bashin tsallake a rage shi. Amana tana nan, abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram 'yan'uwa ne tun kaka da kakanni. Amma in aka rufe iyaka, mai gaskiya ma ba shi da hanyar kawo maka kuɗinka. Dillali ya nemi kafin alƙalami mai kauri, a kuma yanka magana tun farko, da naira za a biya ko da sefa, kuma a kan canjin wace rana.

Na uku, mai turkar rago da sa ya saya da wuri, kada ya jira watan Sallah ya kama. Abin da ya faru a 2025 ya isa darasi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, mai ƙetarawa da direbansa su riƙe takardu cikakku, katin shaida da na mota da na kaya. Inda doka ta zama alfarma, mai shinge ne ke ƙara ƙarfi.

Na biyar, a kasa kunne ga abu uku kafin a ɗaga farashi ko a karyar: canjin sefa a Wapa, da sanarwar hana fitar da kaya daga Yamai ko Abuja, da labarin daminar Nijar. Waɗannan sun fi jawabin shugabanni taɓa buhun masara.

Daga ƙarshe, a san cewa tsakaninmu da Nijar akwai igiyar da ta girmi ECOWAS. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin gwiwa mai ofis a Yamai, kuma a Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya je can aka yi maganar farfaɗo da ita. A 2021 aka ɗora harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya. In shugabanni suka zauna suka rubuta sabuwar yarjejeniya, alfarmar nan ta koma hakki, to an tsira da riba. Kafin nan, kowa ya auna kayansa da mudun da ke hannunsa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kiyaye dukiyar kowa. Sai fitowa ta gaba.