Kafin a yanki fom ɗin likitanci

Da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista a farkon shekara, cibiyoyin kwamfuta a Kano da Zariya da Sakkwato sukan cika maƙil da ɗalibai, wasu tare da iyayensu, wasu da yayyensu. In aka zo wajen zaɓen kwas, kusan duk yaron da ya fito daga ajin kimiyya amsa ɗaya ce a bakinsa: likitanci. Mai cike fom ba ruwansa, shi dai a biya shi kuɗin aikinsa. Tambayar da ya kamata a yi tun a gida, wato ko yaron ya isa neman wannan gurbi a bana, ba kasafai ake yin ta ba. A gidaje da dama ma, wanda ya yi ta sai a ce yana yi wa yaro mugun baki.

Sharuɗɗan da ke kan takarda ba su da wuyar faɗa. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar sakamakon da aka haɗa daga zama biyu idan likitanci ake nema. A jarrabawar UTME ta JAMB ɗalibi zai amsa tambayoyi 180 cikin awa 2, sittin a Turanci, arba'in-arba'in a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400. Sai tantancewar da kowace jami'a ke yi daga baya, da sharaɗin cika shekara 16. Yara dubbai suna cika waɗannan duka, su kuma zauna a gida.

Dalilin yana cikin lissafi. A 2024 JAMB ta saki sakamakon ɗalibai sama da miliyan 1.8, kimanin miliyan 1.4 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 9,000 ba. Waɗannan 'yan tsirarun na sama, da masu bi musu, akasarinsu ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Ƙofar kuma ba jami'a ce kaɗai ke riƙe da makullinta ba. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Shi ya sa Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello za su iya ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai a wani sashen, amma a likitanci hannunsu a ɗaure yake. Sannan a jami'o'in tarayya ana kasa guraben kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Makin da zai shigar da yaro a wata jami'ar ba lallai ya kai shi ko bakin ƙofa a wata ba. Uban da bai san wannan ba sai ya yi ta zargin an sayar da gurbin ɗansa, alhali tun ranar cike fom aka yi kuskuren zaɓe.

To amma ni ba makin JAMB ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne inda makin ya fito. Kowa ya san akwai makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo ranar WAEC. Yarinya ta fito da A1 a Kemistiri, amma ka ba ta sassauƙan lissafin mol ta tsaya tana kallonka. Irin wannan takardar tana iya wuce teburin mai tantancewa, ba ta wuce aji ɗaya na jami'a, inda za a sake gwada ɗalibi a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kafin a bar shi ya taka tsangayar likitanci. Wanda ya tsallake wannan, babbar katangar tana gaba: jarrabawar ƙwararru ta farko, wadda ɗalibai ke kira sekan MB, bayan kimanin wata 18 ana karatun Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri. A nan makin ci 50 ne cikin 100, ba 40 ba. Wanda ya faɗi a ba shi damar sakewa, ya sake faɗi ya maimaita shekara, in abin ya ci tura a sallame shi zuwa wani sashen. Saurayi ɗan shekara 21 da aka sallama bayan shekara uku ko huɗu, alhali duk unguwa ta riga ta saba kiransa Dakta, yana ɗauke da wani nauyi da ba kowa ke tashi daga ƙarƙashinsa ba. Da a ce an jinkirta masa shekara guda tun farko, da ciwon bai kai haka ba.

Gane gaskiyar shirin yaro ba ya buƙatar boka ko malamin duba. A samo tambayoyin UTME na shekarun baya, a zaunar da shi a ɗaki shi kaɗai, babu waya, a saita agogo awa 2. A yi haka a makonni daban-daban, da tambayoyin da bai taɓa gani ba, a duba inda makinsa ke tsayawa, ba ranar da ya fi sa'a ba. Sai a kwatanta da makin da jami'ar da yake so ta tsaya a kai bara. JAMB da kanta tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, kuma kuɗinta bai kai asarar shekara ba. Bayan haka a je wajen malamin Kemistiri ko na Fiziks da ya koyar da shi, a keɓe, a ce: "Malam, tsakaninka da Allah, yaron nan zai iya?" Malaman sun sani. Abin da ke hana su faɗa shi ne ba a tambayarsu, in ma an tambaya, a gaban yaron ake yi, da fuskar da ke nuna amsar da ake so.

Akwai kuma batun Turanci, wanda muke yawan rainawa a Arewa. Littattafan likitanci manya ne, jarrabawar kuma ba ta cike gurbi kaɗai ba ce. Akwai rubutun bayani, akwai ta baka, inda ɗalibi zai tsaya gaban farfesoshi ya yi bayanin hanyar da wata jijiya ta bi. Yaron da ba zai iya karanta shafi biyar ya rufe littafi ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa ba, hadda ba za ta kai shi nesa ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun yaye likitoci masu yawa ne saboda ana tace yara da jarrabawa kafin shiga, a kuma shafe shekaru ana gina su a ɗakin gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai tambayar da ta fi kowace ɗaci: wa ke son likitancin, yaron ko Baba? Ba laifi ba ne uba ya yi wa ɗansa fatan alheri, kuma tun zamanin Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, sunan likita yake da kwarjini a ƙasar Hausa. Sai dai ba uban ne zai tsaya a kan gawa a ɗakin fiɗa a aji biyu ba, ba shi ne zai kwana a ɗakin haihuwa ba. Yaron da ke cewa yana son ya taimaki al'umma bai ce komai ba tukuna, domin malamin firamare ma yana taimakon al'umma. Abin dubawa shi ne ko ya taɓa ganin aikin da idonsa. Ya taɓa jinyar kaka ko ƙani a asibiti, ya ga wari da jini da kukan dangi, ya kuma dawo da sha'awarsa? In akwai likita ko ma'aikaciyar jinya a dangi ko a unguwa, a roƙe su su zauna da shi su faɗa masa yadda kwanan aiki yake, ba tare da ado ba. Wasu yaran daga wannan hirar suke gano cewa haɗa magunguna ko aikin ɗakin gwaji ko injiniyanci ne ya dace da su, kuma wannan ganowar riba ce.

Ga 'ya'ya mata maganar tana da wani reshe. Babu mai musun cewa muna matuƙar buƙatar likitoci mata. Akwai matan da ke haƙura da ciwo a gida don kada namiji ya duba su. Amma gidan da ya tura 'yarsa likitanci ya kamata ya yi maganar aure tun yanzu, a fili. Za a jira ta gama? In za a yi a tsakiya, mijin ya san za ta riƙa kwana a asibiti, ya kuma amince da bakinsa a gaban manya? Yarinya mai ƙoƙari tana iya haɗa biyun, da yawa sun haɗa, amma ba a kan alkawarin da aka bari a dunƙule ba.

Lokaci da kuɗi su ma shiri ne. Karatun shekara 6 ne a takarda. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata 8, na 2020 ya ci kusan 9. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin a ba da cikakken lasisi, sai shekarar yi wa ƙasa hidima, wanda ke son ƙwarewa a wani fanni kuma ya ƙara wasu shekarun. Ɗalibin likitanci ba ya samun sararin yin sana'a a gefe kamar takwarorinsa, ga littattafai, ga kayan aiki, ga kuɗin makaranta da ya tashi a jami'o'in tarayya tun 2023. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana rage zafi, amma gida ne zai ɗauki sauran. Masu tunanin fita waje su tuna da ɗaliban da yaƙi ya koro daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023, su kuma sani cewa duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya.

Idan an auna an ga da saura, hanyoyi ba su ƙare ba. Yaro zai iya zama shekara guda ya gyara tushensa ya sake rubuta UTME, domin sakamakon na shekara ɗaya ne kawai kuma babu wanda ke ƙirga masa sau nawa ya gwada. Zai iya yin IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, a wurare irin makarantar share fage ta Funtuwa, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, kodayake guraben wannan hanyar sun fi ƙaranci kuma sai mai maki na ƙoli. Shawarar da ba na so ita ce wadda ake yawan bayarwa a majalisa: "Ka karɓi Bayoloji kawai, in ka shiga ka canza." Tunda MDCN ta ƙayyade adadi, canjin ba ya yiwuwa sai ga ɗaiɗaiku, sauran kuma su ƙare da digirin da ba su taɓa so ba, suna jin haushin kwas ɗin da bai yi musu laifin komai ba.

A ganina, yaron da makinsa na gwaji ke kaiwa inda ake so a kai a kai, wanda kiredit ɗinsa guminsa ne, wanda ya ga asibiti bai ja da baya ba, kuma gidansu ya san nauyin da ya ɗauka, a yankar masa fom ko da ana cewa gurbin ya yi wuya. Wanda ya gaza a maki kaɗai, a ba shi shekara. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta wajen, shekara goma ma ba za ta gyara ba. Iyaye, kafin ku kama hanyar cibiyar rajista a bana, ku zaunar da yaron ku tambaye shi abin da yake so, ku kuma yi shiru har ya gama magana.