3.2 Yanayin Kamun Kifi a Tafkunan Arewacin Amurka Lokacin Zafi

A wannan sashe za a dubi yadda zafi ke sauya halin ruwan tafki da mazaunin kifi, ta hanyar ɗaukar misali daga tafkin Shamfilen. Wannan tafki yana tsakanin jihohin Niyok da Bamont na Amurka, kuma kansa ya shiga lardin Kubek na ƙasar Kanada. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 190, wurin da ya fi zurfi kuma mita 122 ne. Lokacin zafi a can yakan kama daga watan Yuni zuwa Agusta. Kifayen da za a yi magana a kansu iri uku ne, wato bas, da turawut, da ƙananan kifayen da ake kira kifayen kasko, saboda guda ɗaya kan shiga kaskon suya ba tare da an yanka shi ba.

3.2.1 Rabuwar Ruwa Hawa Uku

Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyos. Don haka idan rana ta dumama saman tafki, sai ruwan ɗumi ya tsaya a sama, mai sanyi ya kwanta a ƙasa, ba sa gauraya. Tsakaninsu akwai wani siririn hawa inda ɗumi ke raguwa da sauri. Bugu da ƙari, ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Ke nan kowane kifi sai ya nemi hawan da ya dace da jikinsa.

3.2.2 Mazaunin Kowane Kifi

Bas iri biyu ne a wannan tafki. Mai babban baki yana son ruwan ɗumi marar zurfi, inda yakan laɓe cikin ciyayin ruwa yana dakon ƙananan kifaye da kwaɗi. Mai ƙaramin baki kuwa ya fi son gindin duwatsu inda ruwa ya ɗan fi sanyi. Dukkansu sun fi cin koto da asuba da kuma gab da faɗuwar rana, domin da tsakar rana sukan koma inuwa.

Kifayen kasko, alal misali bulugil wanda ya yi kama da karfasa a siffa, su ne suka fi sauƙin kamu. A farkon zafi mazan kan share gurbi a kan yashi kusa da gaɓa, su tsaya gadin ƙwai. Ƙaramar ƙugiya da tana sun isa, shi ya sa da su yara ke koyon fatsa.

Turawut shi ne ya fi wahala. Irin da ke zaune a tafki ya fi son ruwa mai kimanin digiri 10, kuma yakan galabaita idan ɗumi ya haura digiri 20. Saboda haka yakan nutsa ƙarƙashin hawan tsakiya. Masu fatsa kan bi shi da jirgi a hankali, suna jan koto da aka saukar da dunƙulen dalma mai nauyi zuwa zurfin da yake.

3.2.3 Matsalar Ƙarshen Zafi

Takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki yana ƙara yawan gansakuka, kamar yadda ake gani a mashigin Misiskwai da ke arewacin tafkin. Idan gansakukar ta mutu ta nutse, ruɓewarta kan cinye oksijin na ƙasa. A tafkin da haka ta faru, turawut kan shiga tsaka mai wuya, sama zafi, ƙasa ba iska. Har wa yau, wanda aka jawo cikin ruwan ɗumi aka sake shi, sau da yawa ba ya rayuwa.

Daga abin da ya gabata, za a iya cewa a lokacin zafi sanin zurfi da sa'a ya fi kyawun koto muhimmanci ga mai fatsa. A sashe na gaba za a dubi kayan aikin da ake amfani da su.