Labarin Matuƙin Jirgin Ruwa da Buɗin Shaɗaranji

Ku sani, ya jama'a, wasan shaɗaranji, wanda wasu ke kira darar Turawa, yana da tsare-tsaren da ake fara shi da su. Mutanen Bagadaza, irin su Suli, ta'abiya suke ce musu. Yawancinsu gwanaye ne suka tsara, amma akwai wanda ya fito daga hannun mutumin da wasa ba sana'arsa ba ce.

Sunansa Kyaftin Ebans, mutumin ƙasar Wales, matuƙin jirgin ruwa mai ɗaukar wasiƙu zuwa Ayalan. In aiki ya lafa sai ya shimfiɗa allonsa yana ta bincike. Abin da ya gano shi ne, mai farare ya tura dakare guda gaban giwar abokin wasansa tun da fari, kyauta. Idan giwa ta ci, sai a kore ta da wani dakaren, kāna a tura na gaban waziri a mamaye tsakiyar fili, alhali shi mai baƙaƙe yana can yana ja da baya. Wato an sayar da dakare an sayi lokaci. Fatake sun san irin wannan ciniki, a yi rangwame da safe domin a riga kowa kama kasuwa.

Amma dabara ba ta tabbata a ɗaki. A 1827 ya kai ta London, ya gwada ta a kan Makdonal, gwanin zamanin, ya kuwa kā da shi. Makdonal bai yi girman kai ba, ya karɓe ta, ya yi aiki da ita a kan gwanin Faransa a 1834. Daga nan ta bazu ko'ina da sunan Ebans.

Aka shekara da yawa ana tsoronta, har Laska, wanda ya zama zakaran duniya a 1894, ya nuna maganinta: kada mai baƙaƙe ya yi rowa, ya mayar da dakaren nan da ya ci, a yi musayar wazirai, wutar harin ta mutu. Sai gwanaye suka yi watsi da ita, ta koma hannun 'yan koyo da masu wasan nishaɗi, su ne suka riƙe ta.

A 1995, a birnin Riga, Kasfarob ya tono ta, ya kā da Anand mutumin Indiya cikin motsi 25.