Inshorar Dukiya da ta Haɗari: Ma'anar Sharuɗɗanta

Inshorar dukiya da ta haɗari yarjejeniya ce da mutum ke ƙullawa da kamfani, inda yake biyan ƙayyadadden kuɗi kowace shekara, wanda ake kira firimiya, kamfanin kuwa ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan asarar da aka ambata a takarda ta auku. Ɓangaren dukiya ya shafi abin da mutum ya mallaka, kamar gida da shago da hajar da ke ciki, ɓangaren haɗari kuma ya shafi ɓarnar da mutum ya jawo wa wani, wadda doka ke ɗora masa alhakin biya. Inshorar gobara ta samu gindin zama ne bayan gobarar Landan ta 1666, wadda ta laƙume gidaje sama da 13,000, lokacin da Nicholas Barbon ya kafa ofishin inshorar gidaje a farkon shekarun 1680.

Ginshiƙin harkar shi ne cewa diyya tana mayar da mai asara matsayin da yake kafin ɓarnar ne kawai, ba ta zama hanyar cin riba, don haka ba a yarda mutum ya yi wa dukiyar da ba shi da hannu a cikinta inshora ba, kuma wajibi ne ya bayyana duk abin da zai ƙara haɗarin, misali ajiye man fetur a bayan shago, domin ɓoye irin wannan na iya rushe yarjejeniyar baki ɗaya.

Sharaɗin da ya fi haddasa saɓani, wanda 'yan kasuwa kaɗan ne ke karanta shi kafin sa hannu, shi ne na biya gwargwadon kaso. Idan hajar shago ta kai naira miliyan 10, mai ita ya yi mata inshorar miliyan 5 don ya rage firimiya, sannan gobara ta cinye kayan miliyan 4, kamfanin zai biya miliyan 2 ne, domin ana ɗaukar mai shagon a matsayin wanda ya riƙe rabin haɗarin a wuyansa. Daga wannan ma za a cire kason farko na asara da aka amince tun farko shi zai ɗauka. Mutane da yawa suna ganin zalunci ne, alhali lissafin daidai yake, sai dai laifin dillalan da ba sa bayyana shi ba ƙarami ba ne, musamman a lokacin da hauhawar farashi ke ninka darajar haja cikin shekara guda.

A Najeriya hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke sa ido kan kamfanonin, kuma inshorar mota ta ɓangare na uku, wato wadda ke biyan ɓarnar da direba ya jawo wa wani, dole ce. Tun Janairun 2023 firimiyarta ga motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar diyyar dukiyar wani kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Direbobi da yawa suna yankar ta ne don nuna wa jami'an hanya, ba su san cewa ba ta biyan ko sisi na gyaran motar mai ita ba, wanda ke son haka sai ya sayi cikakkiyar inshora.