Ma'aikatan Bayan Fage: Ina Sunayensu?

Tun shekarar 2007 YouTube yake raba kuɗin talla da masu sa bidiyo a dandalinsa. Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai mai riƙe kyamara, da mai tsara labari, da mai kwana gaban kwamfuta yana tace hoto da sauti, alhali suna na wanda fuskarsa ta fito ne kaɗai.

A silima, in fim ya ƙare akan jera sunayen ma'aikata kaf, da wannan shaida kuwa matashi kan sami aiki na gaba. Wanda aka ɓoye sunansa fa, da me zai nuna gwanintarsa? Rubuta suna ƙarƙashin bidiyo ba ya cin ko kwabo, yabon gwani kuwa ya zama dole.