Tiyatar kansar tumbi: shin irin maganin barcin da aka ba mara lafiya yana ƙara masa kwana?

Jama'a, mu da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Sabon Ibadan mun san yadda abin yake: a bugo waya daga Kafanchan ko Jagindi a ce za a yi wa Baba aiki, a turo kuɗi. Idan aikin na kansar tumbi ne, tambayar da nake so in amsa ita ce, wane maganin barci ya fi?

Hanyoyin manya biyu ne. Akwai iskar da ake shaƙa, irin su isofuluren da sebofuluren. Akwai kuma furofofol, wani farin ruwa kamar madara da ake ɗurawa ta jijiya har a gama aiki. Tiyata kanta tana raunana garkuwar jiki, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna kamar iskar ta fi kassara ƙwayoyin da ke farautar kansa a jini.

A 2016 likitocin asibitin Royal Marsden na Landan sun duba bayanan marasa lafiya fiye da 7,000, suka ga waɗanda aka ba furofofol sun fi daɗewa a raye. A 2018 binciken ƙasar Sin kan masu kansar tumbi fiye da 2,800 ya nuna haka. To amma fa tsofaffin fayiloli aka duba, kuma wataƙila tun farko masu ƙarfin jiki ne aka ba furofofol. A 2020 Japan ta duba kusan mutum 200,000 da aka yi wa aikin kansar ciki da hanji, ba a ga bambanci a tsawon rai ba. A 2023 aka raba tsofaffi kusan 1,200 gida biyu ta hanyar ƙuri'a a Sin, nan ma babu bambanci.

Saboda haka shawarata, kada kowa ya ɗaga aiki wai sai an samo wani magani na musamman. Abin da ke cinye mutanenmu shi ne jinkiri. Mutum ya shekara yana shan maganin olsa, yana ramewa, yana amai, bayan gidansa baƙi ƙirin, ba a leƙa cikinsa da na'ura ba. Wanda ke da waɗannan alamu ya je babban asibitin Kafanchan, idan an tura shi JUTH a Jos ko Shika a Zariya, kada a tsaya jan ƙafa.

Kafin a sa hannu a takarda, ku tambaya: akwai ƙwararren mai sa barci da zai tsaya har ƙarshe? Akwai iskar oksijin, jini, da ɗakin kulawa ta musamman? Za a iya yin allurar gadon baya don rage raɗaɗi, ya samu yin numfashi sosai ya tashi da wuri?

Shi kuma mara lafiya ya faɗi gaskiya: hawan jini, ciwon suga, taba, tiramadol, har jiƙe-jiƙen gargajiya. Duk suna shafar yadda maganin barci zai yi aiki. Idan an ce kada ya ci komai, to ko kunu kada Inna ta ba shi don tausayi, domin yana iya komawa huhu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.